Batirin Zuciya da Mai Jego: A Yi Tambaya Kafin a Sayar da Gona

A wannan fitowar zan yi magana ne a kan abin da jama'a ke kira batirin zuciya, musamman irin wanda ake sa wa masu ciwon gazawar zuciya. Wata za ta ce me ya haɗa ungozoma da zancen batiri? Abin da ya haɗa mu shi ne, a ƙasar Hausa ciwon gazawar zuciya yana yawan kama mace a ƙarshen ciki ko a cikin watannin farko bayan haihuwa. Idan ciwo ya tsananta, sai ki ji dangi sun fara shawarar a sayar da gona ko fili a kai ta Indiya ko Masar a sa mata batiri, wai da zarar an sa shi ke nan ta warke.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wannan na'ura gaskiya ce, tana aiki, kuma ta ceci rayuka masu yawa. Amma tana da irin zuciyar da take yi wa amfani, tana kuma da lokacinta. Mafi yawan masu jegon da zuciyarsu ta gaza, abin da zai cece su shi ne zuwa asibiti da wuri, da shan magani ba fashi, da hutawa daga ɗaukar wani ciki. Bari in kawo dalilaina.

Mene ne gazawar zuciya?

Zuciya famfo ce. Ɗakinta na ƙasa ta ɓangaren hagu shi ne ke tura jini zuwa ko'ina a jiki. A duk bugu ɗaya, lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikin wannan ɗaki, wato kamar kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Likita yana gane haka ta hanyar hoton zuciya da ake kira eko, wanda yake kama da hoton ciki da ake yi muku a wajen awo. Idan naman zuciya ya yi rauni, sai ɗakin ya buɗe ya yi faɗi, abin da yake fitarwa ya ragu. Jini sai ya riƙa taruwa a baya, ruwa ya cika huhu, ƙafafu da ciki su kumbura. Wannan shi ne gazawar zuciya. Ba tsayawa zuciyar ta yi ba, ƙarfinta ne ya kasa biyan bukatar jiki.

Lokacin goyon ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, saboda haka aikin zuciya yana ƙaruwa. Yawancin mata suna ɗaukar wannan nauyi lafiya ƙalau. Amma akwai waɗanda zuciyarsu ke yin rauni a ƙarshen ciki ko bayan sun sauka, ba tare da an san su da wani ciwon zuciya a da ba. Idan eko ya nuna abin da zuciyar ke fitarwa ya gaza kashi 45 cikin 100, kuma ba a sami wani dalili ba, shi ne ake ce masa ciwon zuciya na haihuwa.

Ciwon ba baƙo ba ne a wajenmu

Tun cikin shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan matan da ke zuwa asibiti a Zariya da gazawar zuciya bayan haihuwa. A Sakkwato, wani bincike da aka buga a 2007 ya sami mace 1 a cikin haihuwa 102. A 2020 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 22 na Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero, inda aka sami mace 1 a cikin haihuwa 96 a Kano. A Amurka kuwa, ana samun 1 ne a cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. Kin ga ke nan abin ya fi shafar mu.

Wannan bincike na 2020 ya nuna matan da suka fi shiga hatsari su ne masu rama, da waɗanda ba su yi karatun boko ba, da marasa sana'a, da waɗanda suka taɓa yin hawan jini na ciki. An kuma sami ƙarancin wani sinadari mai suna siliniyam a jinin masu wannan ciwo, a Yamai da kuma Kano. A cikin matan da aka bi diddiginsu na kusan shekara ɗaya da rabi, kusan 1 cikin 5 ta rasu, kuma waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai 1 cikin 4 ba. A Amurka, binciken da aka buga a 2015 a kan mata 100 ya nuna kashi 72 cikin 100 sun warke cikin shekara ɗaya. Wannan tazara ce babba, kuma a ganina jinkirin zuwa asibiti da yanke shan magani suna da kaso mai tsoka a cikinta. Binciken namu ma ya nuna matan da suka dage da shan maganin rage saurin bugun zuciya sun fi tsira.

Shi batirin, me yake yi?

Zuciya tana da nata wayoyin lantarki da ke ba kowane sashe umarnin ya matse a lokacin da ya dace. A wajen wasu masu gazawar zuciya, wayar da ke kai saƙo ɓangaren hagu takan toshe. Sai bango ɗaya na ɗakin hagu ya matse, ɗayan kuma ya makara. Ki ɗauki misali da ledar ruwa da aka huda. In kika matse ta da hannu biyu a tare, ruwa zai fito da ƙarfi. In kuwa kika danna gefe ɗaya kawai, ruwan zai gudu ɗaya gefen ne, kaɗan ya fito. Haka irin wannan zuciya take wahala, ga rauni ga rashin haɗin kai.

Batirin daidaita bugun zuciya, wanda likitoci ke kira CRT a taƙaice, aikinsa ke nan ya sa bangwayen su matse a tare. Ƙaramin abu ne da bai kai tafin hannu ba. Ana sa shi a ƙarƙashin fata a saman ƙirji, galibi ta hagu, a bi ta jijiyar jini a zura wayoyi uku zuwa zuciya, biyu ta dama, ɗaya kuma ta bayan ɗakin hagu. Ba a buɗe ƙirji, kuma yawanci allurar kashe zafi ake yi a wurin. Akwai nau'in da aka haɗa masa na'urar da ke ba zuciya girgizar lantarki idan bugunta ya rikice rikicewar da ke kawo mutuwar farat ɗaya.

An fara gwada wannan dabara a Turai cikin shekarun 1990, Amurka ta amince da ita a 2001. A 2005 aka buga wani babban gwaji da aka yi a ƙasashen Turai a kan mutum 813, ya nuna hatsarin mutuwa ya ragu da kashi 36 cikin 100 a wajen waɗanda aka sa wa na'urar a kan maganinsu. Waɗanda ta karɓe su sukan ga haki ya ragu, tafiya ta ƙaru, kwanciya asibiti ta ragu, har zuciyar da ta kumbura ta fara komawa girmanta cikin wata 3 zuwa 6 ko fiye. Saboda haka duk wanda ya ce miki batirin zuciya yaudara ce ko hukuncin mutuwa, bai san abin ba.

Wa take karɓa, wa ba ta karɓa?

A nan ne gizo ke saƙa. Ko a ƙasashen da suka ƙware, kusan mutum 1 cikin 3 da aka sa wa wannan na'ura ba ya samun sauƙin da aka yi fata. Shi ya sa likitocin zuciya suka kafa sharuɗɗa. Bisa ƙa'idar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta 2021, wanda ya fi dacewa shi ne mai ciwon da har yanzu yake fama da haki duk da ya sha cikakken magani na aƙalla wata 3, kuma eko ya nuna zuciyarsa ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 35 cikin 100, sannan gwajin lantarkin zuciya, wato wanda ake manna wayoyi a ƙirji takarda ta fito da zane, ya nuna wayar hagu ta toshe kuma saƙon yana jinkiri sosai.

Wannan jinkiri ana auna shi. A lafiyayyar zuciya saƙon yana ratsa ɗakunan ƙasa cikin ƙasa da kashi 120 cikin 1,000 na sakan ɗaya. Idan ya kai 150 ko ya wuce, tare da toshewar wayar hagu, nan ne na'urar ta fi amfani. Tsakanin 130 da 149 amfanin yana raguwa. Idan bai kai 130 ba, ba a sa ta. An yi gwaji a kan irin waɗannan marasa lafiya, aka dakatar da shi, kuma sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna ba su amfana ba, har mace-mace sun fi yawa a cikin waɗanda aka kunna wa na'urar. Ma'ana, idan bangwayen zuciya dama a tare suke matsewa, rauni ne kawai gare su, babu abin da batirin zai daidaita.

An kuma lura mata sun fi maza amsa wannan magani, haka nan waɗanda ciwonsu bai samo asali daga toshewar jijiyoyin zuciya ba. Wanda zuciyarsa ke da tabo mai yawa, ko bugunta ke yawan rikicewa, ko ƙodarsa ta yi rauni sosai, ba ya cika samun irin wannan nasara. Wannan albishir ne ga mai jegon da ta cika sharuɗɗa. Sai dai a cikin masu ciwon zuciya na haihuwa, kaɗan ne ƙwarai ke da toshewar wayar hagu. Mafi yawansu, ko da an kai su ƙarshen duniya, likita mai amana zai ce musu ba wannan ne maganinsu ba.

Dalilin da ya sa likita ke cewa a jira

Ciwon zuciya na haihuwa ya bambanta da na tsofaffi ta hanya ɗaya mai daɗin ji, wato yana iya warkewa. Yawancin masu samun sauƙi suna samunsa ne cikin wata 6 na farko, wasu kuma sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Don haka ne ƙwararru ba sa gaggawar sa na'ura ta dindindin har sai mace ta yi aƙalla wata 6 a kan cikakken magani an sake yin eko. Idan likita ya ce muku a jira, kada ku ɗauka sakaci ne ko don ba ku da kowa a asibiti. Gudun yake kada a sa wa yarinya 'yar shekara 22 wayoyin da za ta rayu da su har tsufa alhali zuciyarta tana kan hanyar warkewa.

Kuma a sani, sa na'urar mafari ne. Wurin yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta, waya tana iya gocewa a koma a gyara, wani lokaci takan taɓa jijiyar numfashi mutum ya riƙa yin abu kamar shaƙuwa. Ana bukatar komawa wajen likita lokaci lokaci ya duba ta da kwamfuta. Bayan wasu shekaru batirin yakan ƙare, a sake aiki a canza shi. Kuɗin duk wannan miliyoyin naira ne. Sannan wanda aka sa wa na'urar ba ya daina shan magani. Iyalin da suka ƙarar da dukiyarsu a kan tafiya waje, suka dawo babu kuɗin maganin wata wata, kuma babu likitan da zai riƙa duba na'urar a kusa, sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago.

Abin da ke hannunmu yau

Na farko, ki san alamomi. Kumburin ƙafa kaɗan da gajiya a ƙarshen ciki abu ne da aka saba, shi ya sa wannan ciwo ke ɓuya. Amma ki garzaya asibiti idan kika ga:

Haki ko da kina zaune, ko bayan ɗan aiki kamar shara ko shiga banɗaki.

Ba ki iya kwanciya sai kin tara matasai, ko kina farkawa cikin dare numfashi na neman ɗaukewa.

Tari mai naci, musamman da dare, ko mai fitar da kumfa.

Kumburi da ke hawa daga ƙafa zuwa cinya, ciki ko fuska, musamman bayan haihuwa.

Zuciya na bugawa da sauri, jiri, ko suma.

Kada a ce sai an yi suna, kada a ce sai an yi arba'in. Kada kuma a tsaya a kantin magani ana sayen maganin tari ko na asma. Mai jego mai haki, asibiti za a kai ta a ranar.

Na biyu, awon ciki. Hawan jini na ciki yana daga cikin manyan ƙofofin wannan ciwo, kuma a wajen awo ne muke kama shi. Ki zo a auna jininki da fitsarinki, ki sha maganin ƙarin jini, ki ci abinci mai gina jiki gwargwadon hali, irin su wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da ganye. Bayan haihuwa ma ki dawo a duba ki, kada ki ce tunda jariri lafiya ke ma lafiya.

Na uku, magani. Akwai maganin da ke rage ruwa ta hanyar fitsari, akwai mai rage saurin bugun zuciya, akwai mai sassauta jijiyoyin jini don zuciya ta huta, wasu kuma ana ba su maganin hana daskarewar jini. Wasu daga cikinsu suna da illa ga ɗan tayi, don haka maganin mai ciki daban ne da na mai jego, kuma dole ki faɗa wa likita in kina da ciki ko kina shayarwa. Kada ki karɓi na wata, kada ki ba wata naki. Babban kuskuren da muke gani shi ne, da kumburi ya sace sai a ajiye magani. Sacewar kumburi ba ta nuna naman zuciya ya warke. Eko ne kaɗai zai nuna, kuma ko ya nuna ta warke, likita ne zai ce yaushe za a rage. Yawancin mata suna iya ci gaba da shayarwa. Akwai wani magani da ke tsayar da nono wanda ake ba wasu masu ciwo mai tsanani, amma wannan shawara ce ta likita bayan ya duba halin uwa da na jariri.

Zuwa ga iyayenmu masu jego

Inna, Hajiya, Gwaggo, mun san don ƙauna kuke dama kunun kanwa, kuke dafa ruwan wanka tun da asuba. Shekaru da dama ana ɗora laifin wannan ciwo a kan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Binciken 2020 bai tabbatar da cewa su ne ke haddasa shi ba, kuma ya kamata a faɗi wannan don adalci. Amma kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Macen da zuciyarta ta riga ta gaza, ko mai hawan jini, in aka ɗura mata kanwa an ƙara mata kaya ne a kan wanda ta kasa ɗauka. Zafi mai tsanani shi ma yana sa zuciya gudu. Don haka ga wadda aka ce tana da wannan ciwo, a daina kanwa gaba ɗaya, a rage gishiri da dunƙulen miya, a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, a kuma ɗauke mata daka da ɗiban ruwa.

Zuwa ga maigida

Malam, mafi nauyin maganar taka ce. Idan zuciyar matarka ba ta koma daidai ba, wato eko bai kai kashi 50 cikin 100 ba, sake ɗaukar ciki yana iya zama ajalinta, kuma shawarar likitoci a duniya ita ce kada ta ɗauka. Ko wadda ta warke, ciwon yana iya dawowa a ciki na gaba, don haka sai da shawara da sa ido tun daga watan farko. Batirin zuciya ba ya sauya wannan hukunci. Ku zo tare ku ga ma'aikatan tazarar haihuwa. Akwai hanyoyin da suka dace da mai ciwon zuciya, kamar ashanar hannu da robar mahaifa, akwai kuma ƙwayoyin da ba su dace da ita ba. Na san akwai matsin dangi, akwai gorin kishiya. Amma 'ya'yan da ke ƙasa sun fi bukatar uwarsu da rai. Ka tsaya mata a gaban danginka, ka kuma sa kuɗin maganinta a lissafin cefane.

Idan an kawo maganar batiri

Wata rana likita zai iya ce wa ɗayanku lokaci ya yi da za a sa na'ura. In haka ta faru kada tsoro ko jita-jita su hana ku, domin ga wadda ta dace da ita alheri ce babba. Amma ko a gida ne ko a waje, ku yi waɗannan tambayoyi. Kashi nawa zuciyarta ke fitarwa yanzu, kuma nawa ne a farko? Wata nawa ta yi tana shan cikakken magani ba fashi? Gwajin lantarki ya nuna wayar hagu ta toshe, kuma nawa ne awon jinkirin? Wane irin sauƙi ake sa ran samu? Wa zai riƙa duba na'urar bayan an sa, a wane gari, kuma nawa ne kuɗin canza batiri? Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. Wanda kuwa ya yi muku alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari tun bai ga eko da takardar gwajin lantarki ba, ku yi hattara da shi, ku nemi jin ta bakin wani likitan zuciya.

Ki adana katinki da duk takardun gwaji a wuri ɗaya, ki riƙa zuwa da su duk ranar asibiti. In kina da tambaya, ki same mu a ɗakin awo ko ɗakin masu jego, za mu haɗa ki da sashen zuciya. Ki kuma karanta wa maƙwabciyarki da ba ta iya karatu ba wannan shafi.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.